Yadda ake neman magana a tsoffin takardun gwamnatin Sikotlan

Har zuwa 1707 Sikotlan na da majalisarta da kuɗinta daban da na Ingila, duk da cewa tun 1603 sarkinsu ɗaya ne. Takardun mulkin wancan zamani suna ajiye a National Records of Scotland da ke Edinburgh, amma da yawa daga cikinsu an buga su, wasu kuma suna intanet.

Da farko ka tambayi kanka: maganar nan ta hannun wa ta bi? In doka ce, ka nufi Records of the Parliaments of Scotland, wanda Jami'ar St Andrews ta ɗora kyauta. Ya faro daga 1235 ya tsaya a 1707, ga asalin rubutu ga fassararsa cikin Turancin yau. In kuwa umarnin yau da gobe ne, kamar kama wani, ko raba faɗan manyan gidaje, ko ba da izinin yi wa wadda ake zargi da maita shari'a, to aikin majalisar mashawartan sarki ne. Kundinta, Register of the Privy Council, an buga shi daga 1545 zuwa 1691. Mai bibiyar Sarauniya Mary ta Sikotlan zai ji daɗin Calendar of State Papers, Scotland, na 1547 zuwa 1603. Sai dai hattara: yawancinsa taƙaitawa ce, kuma da yawa rahotannin jakadun Ingila ne. Labarin maƙwabci ne kan maƙwabci.

Bayan haka, kada ka nemi suna da rubutu iri ɗaya. Magatakardan lokacin da harshen Scots, ɗan'uwan Turanci, suke rubutu, wani lokaci da Latin, kuma inda Bature ke sa "wh" su "quh" suke sawa. Suna guda kan fito ta fuska uku a shafi ɗaya.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne kwanan wata. Kafin 1600, sabuwar shekara a Sikotlan ranar 25 ga Maris take kamawa. An kashe Darnley, mijin Mary, ranar 10 ga Fabrairun 1567, amma takardar lokacin 1566 za ta ce maka. Daga 1600 suka koma 1 ga Janairu, Ingila kuwa sai 1752. Saboda haka wasiƙa daga Sikotlan da amsarta daga Ingila na iya ɗaukar shekaru mabambanta alhali mako guda ne tsakaninsu. Duk abin da ya faɗo tsakanin Janairu da 24 ga Maris, ka duba shi sau biyu.

Kuɗi ma haka: a 1603, fam 12 na Sikotlan ne ke yin fam ɗaya na Ingila.

In ka nema ka rasa, ba lallai laifinka ba ne. A 1651 sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila, suka kwashe takardun zuwa Landan, kuma a hanyar mayar da su gida a 1660 jirgin ruwa ɗaya ya nitse da kayansa.