Yadda Ake Shiga Harkar Jagorancin Ayyuka

Aikin farko da na riƙe shi ne haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye a Jigawa, lokacin ina bautar ƙasa. Ni ne mai littafi: wa ya ba da gudummawa, nawa aka kashe, yaushe motar haƙa za ta zo. Na sa mata rana a cikin watan Agusta. Ruwa ya cinye hanya, muka yi mako uku muna jira, farashin siminti kuma ya tashi kafin mu zo zuba daɓe. Har yau idan zan tsara aiki, damina nake fara dubawa kafin kuɗi.

Saboda haka shawarata ta farko, ka nemi aikin da yake da ranar farawa da ranar gamawa, komai ƙanƙantarsa. Gyaran ajin Islamiyya, rabon abincin azumi, taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, duk sun isa. Ka ce a bar maka rubutun. Ka rubuta abin da za a yi da wanda ba ya ciki, kuɗin da ake da shi, wa zai yi me, da abin da zai iya kawo cikas. Wannan na ƙarshen shi ne ban rubuta ba a Jigawa. In an gama, ka yi rahoto na shafi ɗaya ko biyu, shugaban kwamiti ya sa hannu, ka adana.

Ka ƙware sosai a Excel, manhajar lissafi da jadawali ta kwamfuta. Yawancin ofisoshin da na zauna da shi ake kasafi da jadawalin Gantt, wato zanen da ke nuna kowane sashe na aiki da kwanakinsa, da wanda dole a gama kafin a taɓa wani.

Sai maganar satifiket, inda matasa suka fi asarar kuɗi. PMI, cibiyar masu jagorancin ayyuka ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ke ba da satifiket na CAPM da na PMP. CAPM ta masu farawa ce: takardar sakandare da horon awa 23 sun wadatar. PMP kuwa sai wanda ya riga ya jagoranci ayyuka na shekaru, mai digiri ma sai ya cika wata 36, ga horon awa 35. PMI takan tsamo wasu masu nema ta ce a kawo shaidar wanda ya sa ido a kan aikin, a nan rahotannin da ka adana za su cece ka. Da dala ake biya, don haka kada ka ci bashi a kan PMP tun ba ka da aikin da za ka nuna. Akwai kuma satifiket na PRINCE2 da ta samo asali daga Ingila. Idan ƙungiyoyin agaji kake hari, Project DPro ta fi dacewa, littafinta kyauta ake saukewa a intanet.

Kada ka raina muƙamin mataimaki. A Maiduguri, Damaturu da Yola ƙungiyoyin agaji na ɗaukar mataimakan jami'an shirye-shiryensu da masu tattara bayanai, a wuraren gini kuma ana neman mai kula da sito. Daga nan na hau.

Abin da ba a cika koyarwa a aji ba shi ne mutane. Kafin ka kafa ko turke ɗaya, ka je ka gaida dagaci da mai unguwa da liman, ka kuma sami hanyar jin ta bakin matan da za su riƙa ɗiban ruwan. Mu sai da muka matsar da rijiyar tamu daga inda injiniya ya fara nunawa, domin fili ne na gado da ake shari'a a kansa, kuma wata tsohuwa ce ta gaya mana.