Kafin ka sayi sikana: yadda ake tafiyar da lab ɗin gano cutar kansa ta kwamfuta

Tunda aka ji muna ɗaukar hoton gilashin gwaji muna turawa likita ta intanet, kullum sai wani abokin aiki ya tare ni, ko a Aboabo bayan Juma'a ko a waya, yace "Alhaji nawa sikanar take?" Toh ni dai amsata ɗaya ce, sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton gilashin, ita ce ƙarshen abin da zaka saya. Shi aikin ba wuya a fahimta: an yanko tsoka daga jikin mara lafiya, mun gyara ta mun ɗora kan gilashi mun rina, na'ura ta ɗauki hoton gilashin gaba ɗaya, likitan tsoka ya buɗe a kwamfuta ko yana Korle Bu ko Komfo Anokye ko ma Ingila, ya faɗi kansa ce ko ba ita ba. Amma na'urar abin da ka bata shi zata nuna, in ka bata ruɓaɓɓe ruɓaɓɓen zata ɗauka tas da kyau.

Don haka ka fara daga ɗakin tiyata. Tsoka ta shiga fomalin, ruwan da ke hana ta ruɓewa, mai kashi 10 cikin awa ɗaya da cirewa, ruwan ya ninka girman tsokar kamar sau 10, robar kuma mai faɗin baki. In na nono ne kuma za'a yi gwajin ER da PR da HER2, masu nuna irin maganin da zai dace da kansar, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, kar ta gaza kar ta wuce. Na taɓa karɓar ƙullun nono da aka aiko daga wani asibiti a mota, an cusa shi cikin kwalbar mayonis da ɗan fomalin a ƙasa kamar an yi masa yayyafi, bayansa yayi tauri amma da muka tsaga cikin ya narke kamar dafaffen gwaza, kuma matar tana can tana jiran amsa. Daga ranar mu muke raba robobi da fomalin ɗin da kanmu, mu rubuta wa asibitocin su sa lokacin da aka cire da lokacin da aka tsoma.

Sai yanka, bayan an sa tsokar a kaki ta zama bulok. Kaurin yankan maikuron 3 zuwa 4, wato siriri ƙwarai, ba naɗewa ba kumfa a ƙarƙashin murfin gilashi, ka bar gam ɗin murfin ya bushe sosai kafin ka loda a sikana, in ba haka ba gilashi ya manne a cikin na'ura ka kwana kana lallashinta. Idon mutum a madubin likita, wato maikiroskop, yana iya juya fokas ya tsallake matsala, sikana bata da wannan dabarar. Lokacin hunturu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce babbar abokiyar gaba, na'ura sai ta kama fokas kan ƙurar ta bar tsokar dishi-dishi, shi yasa ɗakin yake a rufe da AC kuma kowane gilashi sai an goge shi. Kowanne da bakod ɗinsa tun daga kaset, ɗan akwatin robar da ake sa tsokar a ciki, rubutun hannu ya ƙare.

Wuta, ai ba sai na faɗa wa ɗan Ghana ba, wanda ya ga dumsor ya sani. UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, a kan sikana da saba, wato babbar kwamfutar ajiyar hotuna, janareta a baya.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ajiya. Hoton gilashi ɗaya in an ƙara girmansa sau 40 yana iya cin gigabait 1 zuwa 3. Ka ɗauka kana yin 100 a rana kowanne gigabait ɗaya da rabi, 150 kenan a yini, a kwanakin aiki 250 ka haura terabait 37, kaga wannan ba lissafin ɗan faifan ajiyar kwamfuta na kasuwar Adum bane. Ka yanke tun farko wata nawa hoto zai zauna a saba mai sauri kafin a mayar dashi ajiya mai arha, ka riƙe kwafi biyu a wuri biyu, gilashin da bulok ɗin kakin kuma kar ka yar dasu. Wajen intanet saurin turawa zaka tambaya, su kamfani saurin saukewa suke tallatawa. Hoton mara lafiya amana ne, dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta hau kanka, banda turawa ta WhatsApp da suna a jiki. Lasisin wurin kuma HeFRA, hukumar da ke kula da wuraren kiwon lafiya a Ghana, ce ke bayarwa.

Kafin likita ya fara sa hannu a sakamako daga allo sai an gwada shi da na'urar tare. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin tsoka ta Amurka ita ce a ɗauki aƙalla kes 60 irin waɗanda kuke gani kullum, ya karanta a madubi, a bar sati biyu ya manta, ya sake karantawa a kwamfuta, a gwada amsoshin, ana son su dace kashi 95. Wasu manyan zasu ji kamar raini ne, sai ka lallaba kace "Dokta, na'urar muke gwadawa ba ku ba". Ka saya masa allo mai kyau, ba laftof ɗin da yara ke kallon ƙwallo ba, madubin kuma ya zauna a gefensa don ƙananan abubuwa irin ƙwayar cutar tarin fuka har yanzu gilashi yafi nuna su.

Maganar AI kuwa, a 2021 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Paige Prostate, manhajar da ke taimakawa wajen gano kansar ƙululun mafitsarar maza, shekara huɗu bayan ta amince da sikanar kamfanin Philips a 2017, amma taimako yake yi, likita ne mai sa hannu. Ni a ganina ka bar shi sai aikinka ya zauna.

In ka kai ga sayen sikanar, ta kamfanin Leica ce ko Hamamatsu ko 3DHistech, kar farashi ya ruɗe ka. Tambayi dilan injiniyansu a ina yake zaune, Accra ko sai an taso shi daga waje, kwana nawa kafin ya iso Kumasi, kuma a rubuta a takardar ciniki. In aikinka bai wuce gilashi 20 a rana ba, ƙarama mai ɗaukar ɗaya-ɗaya ta ishe ka, sauran kuɗin ka zuba a fomalin da wuƙaƙen yanka.