Ga masu shirin tafiya Ingila daga Kano: can ma ana cewa babu gado

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Kano cikin dare ya san zafin a ce masa babu gado. 'Yan'uwanmu da yawa da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ɗalibai da ma'aikatan jinya da amare masu bin mazajensu, suna tafiya da zaton sun rabu da wannan. Gara ku ji tun yanzu, can ma akwai shi.

Ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS ita ce kashi 95 cikin 100 na masu zuwa sashen gaggawa a sallame su ko a ba su gado cikin awa huɗu. Rabon da a cika wannan a Ingila tun 2015. Motar asibiti kuma minti 15 aka ɗebar mata ta miƙa mara lafiya, amma da hunturu sai ka ga motoci jere a ƙofar asibiti, kowace da mutum kwance a ciki an lulluɓe shi da bargo, ma'aikata na ta auna shi, ana jiran gado ya samu. Motar da ta maƙale a nan kuwa ba za ta je wani kiran ba. A Disamban 2022, masu bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ya kamata a isa gare su cikin minti 18, sun riƙa jira sama da awa ɗaya da rabi.

Babban dalilin yana da ban tausayi. Dubban gadaje tsofaffi ne a kansu, sun warware amma babu mai kula da su a gida. Mu nan akwai ɗa, akwai suruka, akwai maƙwabci. Can tsohuwa ita kaɗai take zaune, ba a sallamarta sai an samar mata mai kulawa.

To, makon farko ku yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ne. Ciwon da ba na rai kwakwai mutu kwakwai ba, a kira 111, dare da rana, su za su faɗa muku inda za ku nufa. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, zubar jini mai yawa, wannan lambar gaggawa ta 999 za a kira, kuma kada tsoron kuɗi ya hana ku, ba a biyan motar. Sai dai zuwa a motar asibiti ba ya sa a tsallake layi. Tsananin ciwo ake bi, ba wanda ya riga zuwa ba, kuma sanayya ba ta aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne kawaicinmu. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da ɓoye ciwo, kuma hali ne mai kyau, amma a gaban ma'aikaciyar da ke tantance marasa lafiya yana iya jawo asarar rai. Mutum na murƙususu, a tambaye shi, ya ce da sauƙi. Abin da ya faɗa za ta rubuta, ya koma ƙarshen layi. Don Allah ku faɗi inda ke ciwo, tun yaushe, da yadda ya kai. Idan zazzaɓi ne, ku ce kwanan nan kuka zo daga Nijeriya, a gwada maleriya, domin ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba. Mai sikila ya faɗa tun daga bakin ƙofa. Ƙa'idarsu ita ce a ba shi maganin raɗaɗi cikin minti 30. Hajiyar da Turanci bai zauna mata ba ta nemi tafinta, haƙƙinta ne, kada a ɗora wa yaro fassara ciwon mahaifiyarsa.

Ku tafi da cajar waya, rigar sanyi, ɗan abin taɓawa da kwalayen magungunan da ake sha. Mutum ɗaya ya raka, ba ayari ba. Idan jiki ya ƙara rikicewa kuna zaune, ku tashi ku sanar, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba. In kuma a gida kuke jiran mota, ku sake kiran 999 ku ce abin ya tsananta. Lambar unguwarku ta gidan waya, wadda suke kira postcode, ku rubuta ta ku manna a jikin firji, kowa a gidan ya haddace, don da ita za a gano ƙofarku.