Kurakuran da aka fi yi a wasan kwamfuta na jagorancin ƙungiyar kurket, da gyaransu

A Cricket Captain ba kai ne ke riƙe da sanda kana bugun ƙwallo ba. Tun fitowarsa ta farko a Ingila a 1998, aikin mai wasa shi ne na kyaftin da koci: zaɓen mutum goma sha ɗaya, tsara masu tsaron fili, yanke shawarar wanda zai yi jifa da lokacin da zai huta. Kamfanin Childish Things na sabunta shi kusan kowace shekara, kuma kowace shekara ƙorafin magoya baya ɗaya ne, wai wasan bai yi kama da kurket na gaske ba. Wani lokacin suna da gaskiya. Galibi dai laifin na hannun da ke kan linzamin kwamfuta ne.

Babban kuskure shi ne auna gaskiyar wasan da wasa guda. Ƙungiyarka ta zube da maki 70, sai ka ce injin ya yi maguɗi. To a Disambar 2020 a Adelaide, Indiya ta ƙare da maki 36 kacal, ga gwanayen bugunta Virat Kohli da Cheteshwar Pujara a cikinta. Don Bradman, gwanin bugu na Ostareliya, wanda matsakaicin makinsa a wasannin ƙasa da ƙasa ya kai 99.94, da sifili ya fita a bugunsa na ƙarshe a irin waɗannan wasanni a 1948. Mai matsakaicin 50 ba hamsin yake ci kullum ba. Yau 8, gobe 14, jibi 140. Saboda haka kada ka ajiye ɗan wasa don ya gaza sau uku. Ba shi bugu goma zuwa sha biyar kafin ka yanke hukunci. Kuma ka daina komawa inda ka adana wasan duk lokacin da aka fitar da gwaninka, domin hakan na kumbura alƙalumansa har ka kasa gane wanda ya ƙware da wanda kai ka ɗaure wa gindi.

Sai ma'aunin zafin bugu, wato wanda kake ɗagawa ko saukewa don mai bugu ya kai hari ko ya yi taka-tsantsan, inda aka fi yin ɓarna. Mai bugun da ya shigo yanzu idonsa bai zauna a kan ƙwallo ba, wasan ma yana nuna yadda yake natsuwa sannu a hankali. A wasan kwana biyar ka bar shi a ƙasa cikin ƙwallo 20 zuwa 30 na farko, sannan ka ɗaga mataki ɗaya, ya ɗan jima, ka ƙara. Da an fitar da abokin bugunsa, sauke na sabon, ka ɗan rage na tsohon ma, don wiket biyu a jere, wato fitar da masu bugu biyu a jere, su ne mafarin rushewa. Haka bayan oba 80 (oba ɗaya jifa shida ce), lokacin da abokan hamayya ke da ikon ɗaukar sabuwar ƙwallo: tana da tauri, tana tashi, tana karkacewa a iska, sai a lallaɓa oba takwas ko goma. Masu son kwaikwayon Ingilar kyaftin Ben Stokes da koci Brendon McCullum, mai bugu da zafi, sukan kafa hujja da maki 506 da ta ci a ranar farko a Rawalpindi a 2022. Sun manta filin ranar shimfiɗe yake kamar tabarma. Gwada hakan a fili mai ciyawa ƙarƙashin hadari, kafin hutun rana rabin ƙungiyarka na zaune.

A T20, gajeren wasa mai oba 20 ga kowace ƙungiya, kuma akasin haka ake yi. Ƙwallo 120 ne duka, kuma a oba shida na farko masu tsaron fili biyu kaɗai aka yarda su tsaya wajen da'irar yadi 30. Wanda ya gama da 140 alhali mutum biyu kawai aka fitar masa, ya tafi gida da guzirin da bai ci ba.

Masu jifa ma ana cin zalinsu. A wasan kwana biyar oba 90 ake yi a rana, mai jifa da gudu kuwa bayan oba biyar ko shida a jere ƙarfinsa ya fara sauka, ƙwallonsa ta zama abincin mai bugu, raunin jiki kuma na biyo baya. Maganin a wajen zaɓe yake: masu jifa huɗu ba sa isa sai da na biyar mai iya bugu da jifa, da mai murza ƙwallo wanda zai riƙe gefe guda na tsawon lokaci. Duba rahoton fili kafin a jefa kwabo. Idan busasshe ne, fara bugu, domin zuwa rana ta huɗu ya tsattsage, ƙwallo na juyawa yadda ta ga dama.

Tilasta wa abokan hamayya su sake bugu nan take, idan ka fi su da maki 200 bayan bugun farko a wasan kwana biyar, dama ce, ba dole ba. Ostareliya ta yi haka a Kolkata a 2001 da ratar 274, VVS Laxman ya ci 281, Rahul Dravid 180, Indiya ta yi nasara da maki 171. Ingila ta maimaita a Wellington a 2023, ta faɗi da maki ɗaya. Idan masu jifarka sun riga sun yi oba ɗari, kuma akwai sauran kwana biyu, koma ka yi bugu su huta. Sai dai kada kwaɗayin tara maki ya cinye lokacin. Bar wa kanka kusan oba ɗari na fitar da mutum goma.

Wajen kwantiragi, kada ka zuba kuɗin ƙungiyar gunduma a kan tauraron da tawagar Ingila za ta ɗauke rabin kaka.

Idan har kana zargin injin da gaske, tara alƙaluman kaka guda cur: matsakaicin maki a kowace oba, yawan ɗaruruwan da aka ci, rabon wiket tsakanin masu gudu da masu murzawa, ka kwatanta da na gasar gundumomin Ingila ta wannan shekarar. Inda ratar ta yi faɗi, wannan ne ƙorafin da ya cancanci a aika wa masu ƙera wasan.