Ga masu shigowa Singafo karatu, ku fara sanin irin makarantar da ta ɗauke ku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara in watan Agusta ya ƙarato sai saƙonni su yi ta shigowa, wane ya samu admishan a Singafo, wance za ta zo digiri na biyu, me za a taho da shi, ina za a sauka. Ni kuwa kafin maganar kaya abin da nake fara tambaya shi ne wace makaranta ce ta ɗauke ka, don a garin nan wannan amsar ce ke nuna ko za ka iya ɗan taɓa aiki kana karatu, nawa za ka biya, da kuma ko takardar da za ka fita da ita za ta buɗe maka ƙofa.

Ƙasar duka gari ɗaya ce, murabba'in kilomita 730 da 'yan kai, mutane wajen miliyan 6, amma jami'o'in da gwamnati ke zuba wa kuɗi guda 6 ne. Babbar yayarsu NUS, tushenta makarantar koyon likitanci ce ta 1905, a 1980 ta koma sunan da take da shi yanzu, tana Kent Ridge. Sai NTU da ta zama jami'a a 1991, tana can ƙarshen yamma wajen Jurong, zamanta da cikin gari kamar Samaru da birnin Zariya ne, in ka sauka daga jirgin ƙasa ma sai ka ƙara hawa bas. Su biyun nan ne za ka fi cin karo da 'yan Afirka masu digiri na uku a injiniya da kimiyya. SMU ta shekarar 2000 tana tsakiyar gari, ƙarfinta kasuwanci da lauya da akanta, ajinta ƙanana ne kuma magana a aji ma maki ce, mai kunyar ɗaga hannu zai sha wuya. SUTD na kusa da filin jirgin Changi, da haɗin gwiwar MIT ta Amurka aka kafa ta. SIT da ta koma Punggol da kuma SUSS sun fi karkata ga karatun da ke haɗe da wurin aiki. Bayan su akwai kwalejojin fasaha 5, Singapore Poly da Ngee Ann da Temasek da Nanyang da Republic, kuma kar ka raina difilomarsu, a nan tana da daraja sosai.

To inda ake cutar mutanenmu shi ne makarantun kuɗi. Suna da yawa, wasu hawa biyu ne kawai a wani dogon bene, suna koyar da kwas ɗin wata jami'a ta Ingila ko Ostireliya su ba ka digirinta. Ban ce duk na banza ba ne, akwai masu kyau, amma doka ta ce sai mai shaidar inganci ta gwamnati, EduTrust, ce za ta ɗauki ɗalibin waje, ka duba wannan da idonka a shafin gwamnati kafin ka tura ko sisi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ejan a gida ya ce wa yaro je ka kawai, kana karatu kana aiki, wata uku ka mayar da kuɗin jirgi. Wallahi ba haka ba ne. Ɗalibin da makarantarsa ke cikin jerin da ma'aikatar ƙwadago MOM ta fitar shi ne kaɗai aka yarje wa aiki, awa 16 a sati lokacin karatu, in an yi hutu ya yi yadda ya so. Jami'o'in nan 6 da kwalejojin fasahar suna ciki, yawancin makarantun kuɗi ba sa ciki, in aka kama ka kana wanke-wanke a gidan abinci soke takardar zamanka za a yi a tasa ƙeyarka gida, bayan an sayar da fili ko shanu an biya maka.

Takardar zaman ɗalibi sunanta Student's Pass, hukumar shige da fice ICA ke bayarwa. Makaranta ce za ta fara yi maka rajista, kai kuma ka cike fom ta intanet, su turo maka wasiƙar amincewa ta farko da ake kira IPA, da ita mai fasfon Najeriya zai shigo tunda muna cikin masu buƙatar biza. Katin rigakafin shawara kar ka kuskura ka bar shi, ko daga Najeriya kake ko Nijar ko Gana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan, in babu shi ana iya killace ka har kwana 6. Akwai kuma gwajin asibiti, hoton ƙirji na tarin fuka da gwajin HIV.

Yanzu maganar da nake so ku karanta da iyayenku. Masu digirin farko da difiloma a jami'o'in nan 6 da kwalejojin fasahar ana iya miƙo muku Tuition Grant, rangwamen da ma'aikatar ilimi ke yi kan kuɗin makaranta, kuma ragin babba ne, amma fa ba kyauta ba ce. Kana sa hannu ka ɗauki alkawarin yi wa kamfani ko hukuma mai rajista a Singafo aiki na shekara 3 bayan ka gama, kuma sai mutum biyu sun tsaya maka sun sa nasu hannun, yawanci Baba ne da wani kawu. In ka gama ka tattara ka koma gida don aure ko wani aiki ya fito, kuɗin nan za a nema har da ƙari, in ba a same ka ba su da suka tsaya maka za a bi. Ni ina ganin ga mafi yawanmu karɓar ta fi, shekara 3 na aiki a nan ba asara ba ce ko kaɗan, amma a sa hannun ido buɗe, musamman 'yan mata da gida ke jiran su dawo da wuri, a yi wannan maganar tun kafin a hau jirgi. Masu digiri na uku lissafinsu daban ne, yawanci da sikolashif ake zuwa mai biyan kuɗin makaranta da alawus duk wata.

Ɗaki shi zai cinye maka kuɗi. In makaranta ta ba ka hostel ka karɓa da hannu bibbiyu. In ba ka samu ba sai hayar ɗaki a gidajen HDB, benayen gwamnati da kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar ke ciki, kuma mafi ƙarancin haya a cikinsu wata 6 ne. Kar ka tura kuɗin ajiya ba ka ga ɗakin ba, 'yan damfara sun fi farautar sabon zuwa. Ka tambaya tun farko ko an yarda da girki, masu gida da yawa ba sa son a soya komai, balle ƙamshin daddawa. Za ka haɗu da wanda zai ce an riga an kama ɗakin da zarar ya ji daga inda kake, yana da ciwo, amma ka nemi wani, masu kirki suna nan.

Addini kam alhamdulillah. Musulmi wajen kashi 15 ne cikin 100, yawancinsu Malay, masallatai kusan 70, 'yan NUS suna Juma'a a Masjid Tentera Diraja da ke titin Clementi, 'yan NTU kuma Masjid Maarof a Jurong West. Shafi'iyya ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla yana kuma alƙunutu a fili da asuba, ka bi sallarka kawai ba wani abu. A kantin makaranta da rumfunan abinci ka nemi tambarin halal na hukumar harkokin Musulunci MUIS, rubutun da ke cewa babu alade ba shi ne shaidar halal ba, kuma wurin mayar da faranti na halal ma daban yake. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, ba a yarda a shigo da nama daga ƙasashenmu ba. Kayan miya ka leƙa kasuwar Tekka da Mustafa Centre a unguwar Little India, kuɓewa da tsamiya da gero duk za ka samu.

Dokar ƙwaya ba ta da wasa, fataucinta har kisa ake yi, don haka kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, wasu magunguna masu ƙarfi kuwa sai da izinin hukumar kula da magunguna HSA tun kafin ka taso. Sigarin lantarki haramun ne a doka. Ci ko sha a jirgin ƙasa na MRT tarar na kaiwa dalar Singafo 500. Asusun bankinka da Singpass ɗinka, wato shaidarka ta shiga shafukan gwamnati, kar ka ara wa kowa ko da ɗan garinku ne, in kuɗin damfara ya bi ta ciki kai za a gurfanar.

Karatun kansa gudu ne. Sati 13 ake koyarwa a zango, da hutun sati ɗaya a tsakiya, kuma a manyan azuzuwa ana auna makinka ne da na 'yan ajinku, kana iya cin 75 ka tashi da B don rabin aji sun fi ka. Ka shiga rukunin aiki da 'yan ƙasa tun satin farko, Turancinsu da sauri yake da guntaye-guntaye, kunne zai saba. Ka sa rigar sanyi a jaka duk da zafin waje, esin ɗakin lacca ba ya wasa. Masu Tuition Grant kuma ku sani ba wanda zai nemo muku aikin nan na shekara 3, kamfani ne zai nema muku takardar izinin aiki, Employment Pass, in ya ga dama, don haka tun aji biyu ku fara zirga-zirga ofishin neman aiki na makaranta kuna cusa kai wajen horon hutu, kamfanin da ya ga aikinka wata uku shi ya fi saurin cike maka takarda.