Man Zafi, Tafarnuwa da Abincin Tsoka: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk shekara sabbin yara na shigowa ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwa, duk shekara kuma sai na maimaita magana ɗaya har yawun bakina ya ƙafe. Bari in rubuta kawai, wanda ya sake tambayata in tura masa.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne shafa man zafi a ɗaure. Yaro ya ji cinya ta riƙe, sai ya lafta mai, ya naɗe da leda, ya ɗora bandeji, wani har ya gasa da ruwan zafi, wai don magani ya ratsa. Ai kuwa yana ratsawa, kuma nan gizo ke saƙa. Yawancin mayukan nan suna ɗauke da mentol na na'a-na'a, da kafur, da wani sinadari mai suna metil salisilet, wanda ɗan'uwan asfirin ne. A saman fata akwai siririn bango na matattun ƙwayoyin halitta da kitse, shi ke tace abin da zai shiga jiki. Da ka rufe da leda, gumi zai taru, bangon ya jiƙe ya saki, ɗumi kuma ya ƙara gudun jini a wurin. Abin da aka tsara ya shiga kaɗan-kaɗan sai ya kwarara. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan mayuka na ƙona fata, ta ce kada a ɗaure wurin tamau, kada a ɗora masa zafi. Kafin nan, a 2007, wata 'yar tsere mai shekara 17 ta rasu a Niyok, binciken gawarta ya nuna metil salisilet ne ya yi mata yawa a jiki.

Ni kaina abin ya taɓa ci min tuwo a ƙwarya. Ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na kofin unguwanni, ɗan bayanmu da muka fi ji da shi ya ɗan gurɗe a idon sawu. Ciwon da hutu kawai yake so. Wani ya ba shi shawara ya daka tafarnuwa, ya cakuɗa da man zafi, ya ɗaure ya kwana da ita. Da safe aka kwance, fata ta tashi ta duri ruwa, gefenta ya saluɓe, ko silifa ba ya iya sawa. Na ce, "Kai, ba ka ji tana cinka ba?" Ya ce, "Koci, ai an ce cizon shi ne aikin." Cizon shi ne aikin! Ɗanyar tafarnuwa da aka daka tana fitar da sinadarin alisin, kuma yana ƙona fata ƙonewa ta gaske. A benci ya kalli wasan, ta gefensa aka zura mana ƙwallayen da aka ci mu.

Abin da nake yi: kwana biyun farko ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗaga ƙafa, a huta. Akwai masana da ke ja da batun ƙanƙarar, ni dai ita na saba da ita. Bayan kumburi ya sauka sai tausa da man kaɗanya zalla. Idan sai an shafa man zafi, to ɗan kaɗan, a bar shi a buɗe, ban da kan rauni, ban da bayan wanka da ruwan zafi.

Na biyu, zaton ana ciyar da tsoka ta fata. Yanzu yara na kashe kuɗi kan man kolajin da man magniziyam da suke gani a TikTok. Masana fata suna da wata ƙa'ida tun 2000: sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya keta lafiyayyar fata. Kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe fata, yana kusan dalton 300,000. A sama yake zama, ya sa fata laushi, shi ke nan. Tsoka ta ciki ake gina ta. Mai atisaye sosai yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato yaro mai kilo 60 yana neman kusan giram 96. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Kai da karyawarka shayi da biredi, rana taliyar leda, dare tuwo da miya tsululu, sannan ka zo kana ce min ƙafarka ba ƙarfi? Ga awara a bakin layi, ga ƙosai, alala, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, kindirmo, busasshen kifi. Kuɗin kwalba ɗaya ta man nan zai ciyar da kai waɗannan na tsawon kwanaki.

Sauran ƙanana ne. Kada ka shafa lemun tsami a fuska ka fita fili da rana, tabo baƙi zai bari. Man kanumfari da na na'a-na'a ba a shafa su zalla, a sirka da man kwakwa ko na zaitun, a fara gwadawa a damtse. Wanda ya taɓa mai mai barkono ya wanke hannu da sabulu kafin alwala, in ba haka ba idonsa zai gaya masa. Idan tsoka ta ɗaure ana tsaka da wasa, miƙar da ita za a yi, ayabar da aka miƙo maka a lokacin ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Akwai kuma mayukan haɗi na hasken fata da ake cewa na ganye ne zalla. Wasunsu akwai maganin sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol a ciki. Daɗewa ana shafa shi a duk jiki yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa, kuma idan ya taru a jini yana raunana tsokar cinya har tashi daga tsugune ya zama aiki. Wanda ya daɗe a kai ya ga likita, kada ya yanke lokaci ɗaya.

Shayin da kuke korawa da shi bayan wake da zogale kuwa, yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata don kai wa tsoka iska. Yarana lemun zaƙi nake sa su sha a kan abinci, shayi sai an yi awa guda.