Kurakuran da muke yi wajen zaɓen manhajar ajiye rubutu

Bara wayata ta salwanta a cikin turoturo, wato motar haya, tsakanin Aboabo da Adum a Kumasi. Ban yi kukan wayar ba kamar yadda na yi kukan abin da ke cikinta: bayanan tafsirin azumi biyu, lissafin bashin shago, da karin maganar da na yi ta tsinta a bakin tsofaffin zango. Duk na zuba su a 'yar manhajar da ta zo da wayar, ban taɓa haɗa ta da wani asusu ba. Laifina ne. Tun lokacin, in wani ya tambaye ni wacce manhaja ta fi, sai in ce masa ya fara duba ƙofar fita.

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya ga manhaja mai kyan fuska, ya kwashe shekara uku yana tara ilimi a ciki, bai taɓa gwada fitar da shafi ko ɗaya ba. A Disamban 2023 manhajar Evernote ta rage tsarinta na kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Mai rubutu dubu a ciki yana iya karantawa, amma ƙarin sabo sai ya biya. Gyaran mai sauƙi ne: ranar farko rubuta abu biyar, ka fitar da su, ka buɗe a wani wuri. Obsidian tana ajiye komai a na'urarka a matsayin fayil ɗin Markdown, wato rubutu zalla, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa. Joplin kyauta ce, kuma tana karɓar fayilolin Evernote. Na Google Keep kuwa ana kwashe su ta Google Takeout, shafin da Google ke ba ka kwafin bayananka.

Sai batun data. Kashe intanet, ka gwada buɗe rubutunka da nema a ciki. Manhajar da ta tsaya tana juyi ba za ta yi maka rana ba in dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo ko data ta ƙare a tsakiyar karatu. Haka kuɗin wata: galibi da dala ake yanka shi, da katin banki ake biya, kai kuwa sidi kake samu, a MoMo, asusun kuɗi na waya, kake ajiya.

Akwai kuskuren da ya shafe mu mu kaɗai. A wurin manhaja, ƙ daban k daban. In yau ka rubuta "ƙasa", gobe "kasa", jibi "qasa", ranar nema kashi ɗaya kawai zai fito. Sa madannin Hausa na Gboard, ka tsaya kan salo ɗaya. Mai haɗa aya ko hadisi da fassara kuma ya gwada layin Larabci da na boko a shafi guda kafin ya tare, don wasu manhajojin suna hargitsa su.

Wani ƙanena da ke jami'ar KNUST ya canza manhaja huɗu a zangon karatu ɗaya. Kullum yana gyaran launi da jera aljihuna, rubutun kuwa bai kai shafi goma ba. Na ce masa, "Kai yaro, rumbu kake ta yaɓe, hatsin fa?" Yanzu ya tsaya kan ɗaya, kuma duk Juma'a bayan masallaci yana tura kwafi zuwa Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 kyauta.